Jakar Da Na Ce Sai Ita

Ina budurwa lokacin da goggona ta fara tafiya da ni Guangzhou, ni ce mai riƙe mata kaya idan ta shiga kasuwar Baima sarin abaya da mayafai. Kaina cike yake da littattafan soyayya, kullum ina jiran ranar da rayuwata za ta zama irin tasu. A wani katafaren kanti na fara ganin jakar, a bayan gilashi, ita kaɗai, fitila na haska fatarta mai ruwan zuma. Na tsaya har Goggo ta dawo ta ja hannuna, tana cewa ko aljanun jaka ne suka kama ni.

Da muka koma masaukinmu a unguwar Dengfeng na nemo tarihinta a waya. Wai tsohon kamfanin Turawa ne, wanda ya kafa shi baduku ne talaka. Matarsa ta yi ƙorafin ba ta da jakar kirki, shi ne ya zaɓi fata da kansa ya ɗinka mata, daga baya aka sa wa jakar sunanta, matan manya suka riƙa rububinta. Na karanta har na haddace. Na ce a raina duk wanda yake sona da gaske, ita zai kawo mini.

Akwai wani saurayi ɗan zangon Kumasi mazaunin Guangzhou da yake tura wa Goggo kaya gida ta jirgin ruwa. Mai fara'a ne, yana kirana Hajiya Ƙarama, yana tsokanata wai Hausar Kano gudu take kamar an biyo ta. Muka shaƙu, magana ta je gaban manya. Da aka zo batun lefe na ce ban damu da yawan akwati ba, amma jakar nan ta asali sai ta shiga. Goggo ta ce in ji tsoron Allah, a garin da ake ɗinka irinta a kowane lungu, wace ce cikin masu duba lefe a Kano za ta bambance? Na ce ni zan sani.

Abin da ban sani ba shi ne, ba a shiga kantin nan a sayi jakar kamar tumatir. Sai ka daɗe kana sayen wasu kayansu, sun san fuskarka, sannan su ga dama su kira ka. Saurayin nan ya yi ta zarya, kullum su yi masa murmushi su ce meyo, wato babu. Ya bar aikinsa ya riƙa zuwa, har abokansa suka fara tambayarsa ko gadi ya samu a can.

Wata rana a wani gidan abinci da ke titin Huanshi Lu ya ajiye mini ƙunshi, jaka ce a ciki. Bai ɓoye mini ba, ya ce ba ta asali ba ce. Ya nemo wani tsohon baduku ɗan China, shi da kansa ya zaɓi fatar, ya riƙa zama gefensa ana ɗinki, har ya roƙa aka bar shi ya ɗinka hannun jakar da kansa, ya nuna mini inda allura ta sossoke shi. Na ture ta. Na ce ni ba matar jabu ba ce. Ya ce Allah ya haɗa ni da mai asali, ya ɗauki abarsa ya tafi. Na zaci zai dawo yana lallashi kamar yadda ake yi a littafi. Bai dawo ba.

Abin da yake cina har yau shi ne, labarin da na haddace shi aka yi mini a gaban idona, mutum ya zaɓi fata ya soki yatsunsa saboda ni, amma na tsaya neman tambari. 'Yan'uwana mata, ku riƙa duba wahalar da aka sha dominku kafin ku duba sunan da ke jikin kaya.

Bara na gan shi a Baima, ya yi ƙiba, kamfaninsa ya girma. Muka gaisa, ya gabatar mini da matarsa. Jakar tana rataye a kafaɗarta, fatar ta yi duhu, hannun nan mai karkataccen ɗinki bai tsinke ba.