Yatsun Doña Casimira

Shekara arba'in Doña Casimira Dzul ta yi tana murza wa matan ƙauyen Xocén ciki. Wadda ɗaukar itace ta gusar mata da mahaifa, da wadda abinci ya ƙi zama mata, duk a tabarmarta suke kwanciya. Sai amosanin gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu.

'Yarta Leocadia ta ce, "Inna, ki haƙura haka nan. Ai akwai asibiti a gari."

"Su je asibitin, ban hana ba. Amma in sun dawo za su same ni."

Damina guda Casimira ta yi tana gwaji a kan ƙullun masara, tana dannawa da gindin tafin hannu, har ta gane nauyin da ya dace. Ranar da maƙwabciyarta Rufina ta shigo dafe da mara, Casimira ta ɗumama mai, ta durƙusa, ta riƙa tura cikin sama a hankali, gumi na ɗiga.

Rufina ta ce, "Iya, hannunki ya ƙara nauyi."

"Ke ce kika ƙara tumbi. Kwanta daidai."

Rufina ta koma gida a miƙe. Washegari mata uku suka yi sallama a ƙofar Casimira.