Hansai Mai Duba 'Yan Tsaki

A Unguwar Dosa, a shekarun nan da ake bin layi kafin a sayi madara da sabulu, idan kazarka ta ƙyanƙyashe kana son sanin zakaru nawa ne mata nawa ne, ba ka da wurin zuwa sai ɗakin Inna Hansai. Tsohuwa ce 'yar guntuwa, ga faɗa ga tsiwa, haƙoranta jawur saboda goro. Aure ne ya kawo ta Kaduna daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Mijinta Sanda kafinta ne a Abakpa, ya rasu ya bar ta da ɗaki ɗaya da akurki biyu. 'Ya'ya uku ta haifa, babu wanda ya wuce yaye. Kaji ne suka zama abokan zamanta, da su take hira, su take zagi, kuma wallahi suna jin zagin.

Yadda take duba tsako kuwa, a wurin kakarta ta koya. Za ta buɗe fiffikensa ta ga yadda gashi ya jeru, ta shafa ƙafarsa ta ji kaurinta, sannan ta riƙe shi ta ƙafafu, kai a ƙasa. Wanda ya yi ta mutsu-mutsu yana ɗago kai, namiji ne, wanda ya saki jiki ya yi lamo, mace ce. Ba ta karɓar komai sai goro, in an ba ta. Amma bari a faɗi gaskiya, ba a kawo mata tsako sai ya yi sati uku ko huɗu, lokacin da zanko ya fara leƙowa a kansa, kuma ta san uwarsa, ta san zakaran da ya bi uwar, don babu kazar unguwar da ba ta san asalinta ba. In ta yi kuskure, kuma takan yi, kafin a gane shirwa ta sure tsakon ko mai shi ya manta abin da aka ce masa. Haka ta yi shekara wajen talatin ba a taɓa jin ta ce ba ta san wani abu game da kaza ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Sa'adiya, matar Malam Haruna, akawu a wata ma'aikatar gwamnati. Sa'adiya haihuwar Kaduna ce, 'ya'yanta huɗu, uku suna makaranta. Ita ce ta yi jinyar Hansai wata biyu cur lokacin da ta zame a bakin rijiya ta karye, har wanka ita ke yi mata. Hansai kan ce da Allah ya bar mata 'yarta ta fari, da yanzu sa'ar Sa'adiya ce, don haka ba ta kiranta sai Sa'ade.

Sai aka shiga sallamar ma'aikata, takarda ta faɗo kan Malam Haruna. Bawan Allah ya yi wata takwas yana yawo ofis-ofis, takalminsa ya cinye, ba abin da ya samo sai “a dawo gobe”. Yayansa kuma yana ta aiko da saƙo daga ƙauye, wai su tattaro su komo, ga gona nan tana jiran hannu. A ƙarshe Malam Haruna ya yanke magana: zai jira zuwa ƙarshen damina, in gidan bai sami abin da zai riƙe shi ba, to su kwashe yara su tafi. Sa'adiya ta san abin da wannan ke nufi. Ƙauyen ba makaranta, yaran kuwa karatu ya fara kama su, babbar ma ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu.

Wata ƙawarta ta Malali ce ta kawo mata labarin kajin turawa, masu yin ƙwai kullum ba fashi, ba sa kwanci, ba sa neman zakara. In ka sayi 'yan tsaki mata yanzu, bayan wata biyar sai ka riƙa kai wa masu shayi na Kawo ƙwai kiret-kiret. Sa'adiya ta lissafa watannin da yatsu, ta ga za su fara daidai ƙarshen damina. Ta sauke kwanukan jerenta na aure kaf, da kumbuna, da gadon ƙarfen da mahaifinta ya saya mata, ta kira dillaliya. Ɗakin ya koma fayau. Sannan ta zagayo wurin Hansai ta durƙusa.

“Inna, an ce ana ha'inci a sayen nan, sai a ba ka maza a ce mata ne. Ni ban san komai ba. Ke ce za ki zaɓa mani.”

Hansai ta tambaya kwana nawa 'yan tsakin za su yi kafin a saya. Sa'adiya ta ce kwana ɗaya. Ita dai ba ta taɓa duba tsakon kwana ɗaya ba, balle na turawa da ba ta san uwarsa ba, ba ta san ubansa ba, wai ma inji ne ya ƙyanƙyashe shi. Maganar ta zo mata har baki. Amma ga Sa'ade a durƙushe, ido ya yi zuru-zuru, ta riga ta sayar da gadonta. Sai Hansai ta gyara ɗaurin zane ta ce kaza ai kaza ce ko daga ina ta fito, Allah ya kai su Talata.

Ranar Talata suka shiga kasuwar Kawo. Can gefe suka tarar da wani mutum da akori-kura, ya sauke kwalaye masu huji-huji, kukan 'yan tsaki ya cika wurin. Duk kamarsu ɗaya, fari-fari da ɗan ruwan ɗorawa, laushi kamar auduga. Sa'adiya ta tambaye shi ko mata ne. Mutumin nan, Allah ya isa, bai ce e ba bai ce a'a ba. Ya dubi tsohuwar ya yi murmushi, ya ce ai ya ga an zo da gwana, ta zaɓa da hannunta, shi ba ruwansa.

Hansai ta shimfiɗa gyalenta a ƙasa ta zauna. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, ta buɗe fiffike, ta shafa ƙafa, ta juya shi kai ƙasa. Wannan ya yi mutsu-mutsu, ta mayar. Wannan ya yi lamo, ta sa a kwalin Sa'adiya. Mutane suka taru suna kallo, wata mata har tana cewa a zo a ga ikon Allah. Daga hantsi har aka kira azahar tana abu ɗaya, zufa na zuba, sai da ta ware guda ɗari daga cikin wajen ɗari uku. Da ta miƙe, bayanta ya ƙage, amma ranta fari tas, don ta ga hannunta bai ba ta kunya ba, wasu sun yi mutsu-mutsu wasu sun yi lamo, kamar dai na gida.

An sha wahalar 'yan tsakin nan, ba kaɗan ba. Ɗakin girki aka share aka zuba musu garin katako, aka kunna fitilu biyu don ɗumi, girki ya koma tsakar gida. Abincinsu na buhu ne, ba sa cin dusa zalla kamar kajin mutane, ga magani a ruwa. Yaran gidan suka koma shan koko ba ƙosai don kada buhun ya yanke. Malam Haruna, da da farko ya ce shi ba ya ciki, sai ga shi yana kafa katakai yana shirya wurin da za su riƙa yin ƙwai. Huɗu kawai suka mutu, unguwa ta ɗauka cewa hannun Inna Hansai akwai albarka.

A sati na biyar Hansai ta fara ganin abin da ba ta so. Zanko ya fito musu, ja, tsaye, kuma ba ɗaya ko biyu ba. Ƙafafu suka yi tsawo suka yi kauri. Tana tsaye a bakin ƙofa sai ta ga biyu sun miƙe wuya sun fuskanci juna, gashin wuya a tashe. Ta san wannan tsayuwar, ta san ta tun tana yarinya. Ta koma ɗakinta, ta zauna bakin gado ta ce wa kanta ai an ce matan kajin turawa ma suna da babban zanko. Washegari ta koma ta sake dubawa, ta sake gaya wa kanta haka. Abinci ya daina shiga mata. Sau uku tana zagayawa da niyyar faɗa wa Sa'adiya, sai ta tarar da ita tana wanke mazubin ruwa tana 'yar waƙa, sai ta ɓuge da tambayar lafiyar yara. In ma ta faɗa, me za a yi? Mai akori-kura ya tafi, kwanuka sun tafi, kajin kuma kullum sai sun ci.

A sati na bakwai Malam Bello, malamin dabbobi da ke zagayawa yi wa kaji rigakafi, ya zo gidan. Hansai na nan. Ya leƙa ɗakin, ko jakarsa bai ajiye ba, ya tambayi Sa'adiya ko na nama take kiwo. Ta ce a'a, na ƙwai ne. Sai ya tambaya wane launi suke ranar da aka saye su. Da aka gaya masa, sai ya sauke jakar a hankali. Ya yi musu bayani cewa irin wannan kaza haɗi ce, da gangan aka haɗa jinsi biyu don a gane su tun ranar ƙyanƙyasa: matan su fito ja-ja, mazan su fito fari-fari. Tun a gidan ƙyanƙyasa ake kwashe jajayen a kai wa manyan gonaki, fararen kuma a tura wa masu yawo da su kasuwa-kasuwa. Kuma mazan ba su da wani nama, sai ci da tsawon ƙafa, ko an sayar ba za su mayar da abin da suka ci ba.

“Wato duk kwalayen da muka gani...” in ji Sa'adiya.

“Duk maza ne, Hajiya. Ko wa ya zaɓa, abin da zai zaɓo ke nan.”

Ya faɗi haka ne don ya sauƙaƙa wa tsohuwar, amma ita ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe rabin yini ta yi a gaban jama'a tana ware maza daga cikin maza. Sa'adiya ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Bayan Malam Bello ya fita, ta juyo ta dubi Hansai ta yi magana a hankali.

“Inna, shi leƙawa kawai ya yi. Ki duba mani da kyau, ko guda ɗaya ce.”

Hansai ta cire takalmi ta shiga cikinsu. Ta san babu, amma ta kama na farko, ta buɗe fiffike, ta shafa ƙafa, ta miƙa wa Sa'adiya ta fitar da shi tsakar gida. Ta kama na biyu. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, suna ta fisge-fisge suna yagar mata hannu, ƙura ta cika mata ido. Akwai wani ɗan ƙarami da ya maƙale a lungu, zankonsa bai fito sosai ba, ta bar shi ƙarshe, tana ta addu'a a zuci. Da ta ɗago shi ta daɗe tana juya shi a hannu. Namiji ne, rashin lafiya ce kawai ta tsumburar da shi. Ta ajiye shi ta ce, “Babu, Sa'ade.”

Ba a ma jira ƙarshen damina ba. Zakarun aka kwashe aka kai kasuwa a yadda aka samu, Malam Haruna ya aika wa yayansa cewa suna tafe. Ko sau ɗaya bai yi wa Hansai maganar ba, kullum sai ya gaishe ta kamar da, ita kuwa in ta ji takunsa sai ta shige ɗaki. Ta kwana ta tashi tana shirya abin da za ta ce wa Sa'adiya: cewa ba ta taɓa duba tsakon kwana ɗaya ba, cewa tun ranar farko ta san ba ta sani ba, kunya ce ta hana ta faɗa. Kullum sai ta ce gobe.

Ranar tafiya da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Kayan ba su da yawa, nan da nan aka gama lodi, yaran suka hau, babbar na rungume da jakar makarantarta. Sa'adiya ta zagayo ɗakin Hansai, ta durƙusa a daidai bakin ƙofa kamar yadda ake yi wa uwa.

“Inna, za mu tafi. Zaman tare ne, in na taɓa yi miki wani laifi, ki yafe mani.”

Hansai ta buɗe baki. Duk maganar da ta shirya tana nan, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Direba ya danna ƙaho. Sa'adiya ta ɗan jira, sannan ta kama hannun tsohuwar ta matse, ta tashi ta fita.