Malam Isyaku Ya Rasu, Gobe Ni Kaɗai Zan Shiga Wajen Tumaki

Yanzu na ajiye waya. Ƙanen Malam Isyaku ne ya kira ni daga Garo, wai da safen nan Malam ya yanke jiki ya faɗi a gona, kafin a isa asibiti a Gwarzo rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ne mai kula da dabbobi a ɗakin bincikenmu, inda muke gwada wani sabon ƙarfen gyaran karaya a ƙafar tumaki kafin a yarda a saka wa mutane. Cikin dabbobi ya tashi, ya san su fiye da mu masu digiri.

Satina na farko na yi wa wata tunkiya allurar barci. Can sai ga kumfa ta hanci, harshenta ya yi duhu, numfashi sama-sama. Na sandare. Shi ya janye ni gefe, ya sa mata oksijin, ya miƙo min allurar da ke karya ta farkon. Ta tashi.

Bai gaya wa kowa na ruɗe ba. Cewa kawai ya yi, "Likita, maganin nan ruwa yake tara musu a huhu. Ki dinga kallon hancinta, takardar rahoto za ta jira."

Duk Litinin sai ya kawo min gyaɗar gonarsu a leda.

Ranar Juma'a, kafin ya tafi gida, ya kai ni wajen tunkiya mai lamba huɗu. Ta daina cin abinci, tana ta cizon haƙora. Ya daɗe yana shafa cikinta.

"Ko maganin kashe zafin ne ya taɓa mata ciki, ko ƙarfen ne jikinta ya ƙi. Ban tabbata ba. Kar ki rubuta komai sai Litinin mun duba tare."

Gobe ce Litinin.

Wallahi tsoro nake ji. In na ce magani ne alhali ƙarfen ne, wata rana a ƙafar ɗan wani za a saka shi, da sa hannuna. Wa zan juya in tambaya?

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ma ku saka ni, Allah ya nuna min gaskiyar abin da ke damun dabbar nan.