Sunan da Cindo Ya Rataya wa Sale

A Gadarif, zamanin da jirgin ƙasa ke bi ta Hawata, an yi Cindo mai amalanken jaki. Mutumin kirki ne, sai dai kansa kamar rariya. A aike shi sayen gishiri, ya dawo da labarin kasuwa.

Da girma ya zo masa sai ya lura abu ɗaya ne ba ya mantawa: wanda ya ɓata masa rai. Daga nan ya samu dabara. Kowane saƙo aka ba shi, sai ya rataya shi a wuyan wani da yake jin haushi. In ya tuna mutumin, zuciya ta tafasa, saƙo ya taso. Gishiri na surukarsa ne, kananzir na ladan.

Wata shekara da kaka, matar ƙanensa Mato ta haihu. Mato na yankan riɗi wajen Gallabat, riɗi kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa. Cindo ya je ya karɓo sunan jaririyar, Mato na roƙonsa kada ya kunyata shi gaban dangin matarsa. Cindo ya rataya sunan a wuyan Sale mahauci, wanda ya taɓa cewa jakinsa ya fi shi kai.

Ranar suna, Salen ne aka kira yankan rago. Yana shirin tafiya hajji, yana bin mutane neman gafara. Ya kama hannun Cindo, ya zuba masa gahawa, har da ƙwalla. Cindo ya yafe masa tas.

Liman ya juyo ya nemi suna. Cindo ya leƙa cikinsa, ba haushi, ba suna. Rago na ɗaure, kakar yarinya na leƙe ta zana.

Ya jawo Sale gefe. "Don Allah, ɗan uwa, zage ni."

Sale ya ce shi ya tuba, bakinsa ya yi wanka.

"Ko kaɗan ne. Taɓa jakin."

Sale ya dube shi sama da ƙasa. "Jakin ai na nemi gafararsa tun jiya, don na haɗa shi da kai."

Jijiyar wuyan Cindo ta miƙe. "Atika!" ya faɗa, har liman ya zabura.

Aka shafa fatiha, rago ya sha wuƙa. Cindo bai sake yafe wa Sale ba har ya mutu. Ya ce yana da sauran saƙonni.