Ranar da Na Yi Gawa a Gaban Mutanen Komadugu

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da na yi gawa a gaban mutanen Komadugu ba. Lokacin ina mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Diffa, daga Damagaram aka turo ni, ga ni da baki kamar na maroƙi. Ni da wasu abokan aiki mukan yi wasan kwaikwayo ranakun hutu.

Wasan da muka fi ji da shi tsoho ne, tun iyayenmu na samari ake yin sa. Wani marowaci ne ya yi mutuwar ƙarya don ya ji abin da za a faɗa bayansa. Matarsa ta zauna a kansa tana rera baitocin makoki: "Wayyo maigidana, rijiya mai zurfi, ba guga ba igiya!" Da maƙwabci ya ce a yanka ragon mamaci a yi sadaka, sai gawa ta zabura tana ihu, "Ragona!" Ni ne gawar. Kuma ba yabon kai ba, babban yatsan ƙafata kawai zan motsa a ƙarƙashin zane, mutane su yi ta faɗuwa don dariya.

Wata rana aka ce mu je mu yi wa ƴan gudun hijira da suka zauna a bakin titi, yamma da gari. Manoman tattasai ne, masu bindiga suka kore su daga bakin kogin Komadugu. Aka ce mu sa su dariya. Na ce ai an zo gidan!

Da hantsi muka fara, a ƙarƙashin wata bishiya, bukkokin leda sun kewaye mu. Da farko an ɗan dara. Amma ina kwantawa aka rufe ni da zane, sai wurin ya yi tsit. Mai fitowa a matata ta rera baitocinta, ba wanda ya ko yi tari. Ƙarar leda kaɗai nake ji iska na kaɗawa. Na motsa yatsa, shiru. Na ce a raina, to, ko Hausar ce ba ta shige su ba? Sai na ɗaga ƙafar gaba ɗaya.

Nan take na ji an damƙe min idon sawu, an danna ƙasa. Hannu ne busasshe, mai sanyi. Wata tsohuwa ce ta rarrafo daga cikin masu kallo, ta kai bakinta kunnena, da Hausarta ta Barebari ta raɗa min: "Ɗana, kar ka motsa. Ba su tafi ba."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Mai fitowa a maƙwabci ya ruɗe, ya jefo maganar rago don in zabura mu wuce wurin. Zanen ba shi da kauri, ina hangen jama'a. Ba mai kallona. Duk sun juya fuska wajen kogi, mata sun toshe bakin ƴaƴansu da hannu. Maƙwabcin ya sake cewa a yanka ragon, da ƙarfi. Tsohuwa ta ƙara matse ni.

Ban san abin da take gani ba, amma na san in na tashi zan yi mata wata ɓarna da ba ta gyaruwa. Sai na kwanta. Zufa ta shiga idona, ban ƙifta ba. Tun ina riƙe numfashi don ita, har na koma riƙewa don kaina, domin na fara jin kamar da gaske wani na tsaye a kanmu yana duba wanda bai ƙarasa ba.

Can dai ta ɗaga kai, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta ce, "Tashi, sun tafi." Ta yaye zanen, ta shafa fuskata da ƙirjina. Na ce, "Iya, lafiyata ƙalau." Sai ta juya ta gaya wa jama'a: "Wannan ya ji magana." Sai na ji hamdala ta zagaya wurin ƙasa-ƙasa, kamar an idar da salla.

Muna haɗa kaya wani dattijo ya ja ni gefe. Ya ce ranar da aka shiga ƙauyensu, tsohuwar nan da ɗanta cikin gawawwaki suka kwanta. Ita ta daure, shi ya motsa. Na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban mutane, ni mai bakin nan.

Ranar na gane wasa ba na mai yin sa ba ne shi kaɗai, kowane mai kallo da kayansa yake zuwa. Tun daga nan, kafin in buɗe baki in sa mutane dariya, sai na fara tambayar daga ina suka fito.