Sakatariya da Katangar Gidansu

Kafin masinja ya gama share farfajiyar majalisar ƙauye, Sakatariya ta riga ta iso. Haka kowa ke kiranta, har jikokinta. Takan ajiye jaka, ta buɗe tagogi, ta zauna ta karɓi abin da safiya ta kawo: mai neman izinin kafa rumfa a kasuwa, mai ƙorafin maƙwabci ya juyo masa kwata ƙofar gida, tsohuwar da ta zo a buga mata hatimi. In layi ya ragu sai ta ɗauki makulli ta shiga ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda ba mai binta saboda warin tsohuwar takarda.

A nan taswirorin ƙauyen suke, tun daga wadda aka zana lokacin da garin bai wuce 'yan gidaje da rijiya da maƙabarta ba. Ba wanda ya ɗora mata kula da su. Ta same su ne jibge a ƙasa lokacin da ta kama aiki tana budurwa, ɓera ya yi sheƙa a tsakiyarsu. Ta kakkaɓe, ta shanya a inuwa, ta ɗora su a kan kanta nesa da gara. Telan bakin kasuwa ya ce ta yi shekaru tana zuwa roƙon ƙyallaye farare, shi kuwa ya zaci tsumman goge tebur take yi, ashe bayan taswirorin da suka yage take liƙawa. Masinja ya shaida ranar da iska ta yaye kwanon ɗakin ana tsakiyar ruwa: ta cire mayafinta ta naɗe su, ta rungumo zuwa ofis, ita a jiƙe sharkaf. Ma'aikata suka yi ta tsokanarta wai ta haifi 'ya'yan takarda. Ta yi dariya tare da su, ta ci gaba da shanya.

Sai dai akwai guda ɗaya da ba ta son buɗewa. A cikinta an zana lungun da ya bi ta ƙofar gidansu zuwa inda asibiti yake yanzu, kuma an zana shi da faɗinsa, amalanke biyu sa wuce juna. A zahiri kuwa, daidai gidansu lungun ya tsuke, mai keke ma sai ya sauka. Mahaifinta ne ya turo katanga cikin hanya lokacin ita tana ƙarama, ya gina zauren da yake zama. Mutum ne da aka sani da sulhunta faɗa, ya rasu ana yabonsa. Tun ranar da ta gane haka ta naɗe taswirar ta sa a can ƙasa, ta gyara ta kamar sauran, amma ko mijinta ba ta faɗa wa ba.

Ana nan sai wata mai naƙuda ta galabaita a unguwar da lungun yake. Motar asibiti ta zo ta kasa shiga, maza suka ɗauko matar a tabarma har bakin titi. Ta rayu, jaririn bai rayu ba. Majalisa ta ce sai an buɗe lungun. Yayan Sakatariya, wanda ya gaji gidan, ya rantse haka ya taso ya ga hanyar, dattawan unguwa kuma suka ce su ba su tuna ba. Aka ce to a duba tsohuwar taswira.

Shugaban majalisa ya same ta a ɗan ɗakin, ya tura ƙofa.

"Sakatariya, takardun nan sun tsufa. In kika ce gara ta cinye wannan, wa zai musa miki? Sai mu nemi wata hanyar."

"Ranka ya daɗe, wace hanyar?"

Babu wata, shi ma ya sani.

"Gara ba ta ci ba," in ji ta. "Ni na hana ta."

Ranar zama ta shigo da ita a hammata. Ta shimfiɗa a kan tebur, ta danne kusurwoyin da duwatsu, ta ɗora yatsa a kan layin. Waɗanda ke kusa sun ce har aka tashi ba ta ɗaga kai ba. Yayanta ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Ke da hannunki? Baba kike kira ɓarawo a gaban jama'a?"

"Yaya, ban kira shi komai ba. An ce in kawo, na kawo."

"Da kin ƙone ta da wa zai sani?"

"Ni."

Ba ita kaɗai ta sunkuyar da kai ba a ɗakin nan. Cikin dattawan da suka ce ba su tuna ba, akwai waɗanda suna samari suka kwaɓa ƙasar katangar. Ɗaya ya miƙe a hankali ya ce shi dai yanzu ya tuna, ya nemi takalminsa ya fita.

Aka rushe katangar, zauren ya tafi da ita. Sakatariya ba ta je kallo ba. Ta canza hanyar zuwa aiki, tana zagayawa ta bayan makaranta don kada ta ga filin. Yaya ya daina amsa gaisuwarta. Abin da ya fi ciwo, mutanen da motar asibiti ke tsayawa yanzu a ƙofarsu su ne suka riƙa raɗa cewa wace irin 'ya ce ba ta rufa wa ubanta asiri ba. Duk ta ji. Direban asibiti ya ce duk lokacin da ya gan ta ya rage gudu zai yi godiya, sai ta kau da fuska kamar wadda aka kama da laifi.

Watan jiya ta ajiye aiki. Majalisa ta so a yi mata taro, ta ƙi.

"Duk wanda ya tashi yabona sai ya ambaci katangar," in ji ta. "Ku bar Baba ya huta."

Saboda haka ba a kafa rumfa ba, ba a yi jawabi ba. Ta nuna wa sabuwar sakatariya yadda ake naɗe taswira ba tare da an karya ta ba, ta miƙa makulli, ta haɗa 'yan kayanta a kwali. Tana fitowa ta tarar da Yaya a bakin baranda, ya tsufa, yana kallon gefe.

"Kayan ke nan duka? Kawo in riƙe miki."

Bai ce ya yafe ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya ɗauki kwalin, suka bi ta lungun, karo na farko tun da aka buɗe shi.

Sakatariya, kin ce a yi shiru, ki gafarce mu, ba za mu iya ba. Ke ce kika ɗauki kunyar da ta kamata a raba wa gari guda, kika riƙe ta ke kaɗai, mai amana da ba ta zaɓar inda amanar za ta faɗa. Kuma ki kwantar da hankalinki game da Baba. Ya turo katanga, gaskiya ne, amma shi ne ya reni 'yar da ta mayar wa mutane hanyarsu, kuma za a tuna masa da wannan.

Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba ki hutu cikin lafiya. Duk wanda aka ba ajiyar jama'a, takarda ce ko makulli ko hatimi, ya riƙe kamar yadda ta riƙe. Waɗanda kuma suka yi raɗa a bayanta, gidanta ba nisa, tana nan da rai. A je a gaishe ta tun tana iya amsawa.