Mun Je Yamai Ɗaukar Hoton Kai

Tafiyar nan ta ba ni wahala, ba zan ɓoye muku ba. Bayana har yau bai miƙe ba. Masu tambayar abin da ya sa injin niƙa ya yi kwana biyar a rufe, ga amsarku nan, don in huta da maimaitawa.

Mun tashi da asuba daga Maradi, ni da maiɗakina, a cikin babbar kar, wato bas, mai zuwa Yamai. Dalilin tafiyar kanta ne. Shekara goma sha tara tana fama da ciwon kai na ɓari ɗaya. In zai tashi sai ta ce tana ganin walƙiya a ido, daga nan sai amai, sai ta ɗaure kai da ɗankwali tamau ta shige ɗaki ta rufe taga. Na kai ta wurin wanzami ya yi mata tsaga uku a gefen goshi, ya sa ƙaho. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Ƙwayar 'yan talla kuwa kamar gyaɗa take cinta. Ni a raina na ɗauka rabin abin raki ne. Kan wa ba ya ciwo? Nawa ma yana yi, in sha shayi in koma aiki.

Injina kuwa a jikin bangon ɗakinta yake, don nan ne masu kawo niƙa ke ganin shi daga titi. Ta daɗe tana cewa in maida shi kangon da ke bayan gida, ni kuma ina cewa a can wa zai gan shi. Bana ta ce ko injin ya tashi, ko ita ta koma gidan yayanta. Sai muka yi sharaɗi: a je Yamai a ɗauki hoton kai. In hoto ya nuna wani abu, zan ɗauke injin. In bai nuna ba, kar in ƙara jin zancen. Ta ce ta yarda.

Kar ɗin tana da sanyi kamar ɗakin ajiye kifi, ga talabijin ana ta ihu a ciki. A Galmi warin albasa ya shigo duk da gilashi a rufe yake. Mun tsaya Konni, na ci shinkafa da wake mai tsada da ba ta da mai, ita ko ruwa kawai ta sha. Daga nan ta ja hijabi ta rufe ido. Na ce a raina, to, an fara.

Wata mata da ke kujerar gefenmu, malamar makaranta ce daga Tawa, ta leƙa fuskarta, ba ta tambaye ni komai ba, ta miƙe ta je ta ce wa direba ya rage ƙara. Ta dawo ta jiƙa hankici ta ɗora mata a goshi. Da ta sunkuya sai na ga gefen goshinta: tsaga uku, irin na maiɗakina sak. Na ce, "Madam, ke ma?" Ta ce, "Ni da uwata da ƙanwata."

Tun daga nan idona ya koma gefen goshin mutane. Mai sayar da kilishi a Dogon Dutse yana da ita. Wata tsohuwa mai rake a Dosso tana da ita. Ban san ko duka na ciwon kai ba ne, amma abin ya tsaya mini a rai. Hanya kuma wani wuri sumul, wani wuri sai ka ji haƙoranka na haɗuwa. Shinge uku muka sauka nuna takarda. An ce mini kusa da Yamai ana ganin raƙuman dawa a bakin hanya. Na zuba ido har wuyana ya ƙage, awaki kawai na gani.

Mun shiga Yamai bayan la'asar. Taksin garin nan ba ya gaisuwa. Ka faɗi unguwa, in ba hanyarsa ba ce sai ya ja mota ko kallonka bai yi ba. Na huɗu ne ya ɗauke mu zuwa Gudel, inda taubashina yake, ɗan goggona. Unguwa ce ta bakin kogi, ga lambunan salati da kabeji, ga ƙarnin kifi. Taubashin nan nawa tsohon soja ne, ƙato, tun muna yara shi ke kayar da ni. In yana magana a tsakar gida ana jin shi a ƙarshen layi.

Amma gidan muka tarar shiru kamar an yi rasuwa. Matarsa, Bazabarma ce, ta tare mu a ƙofa da yatsa a baki. Ta ce a hankali, "Fofo, sannunku da hanya. Ku cire takalmi nan. Kan maigida ya tashi." Ta kashe rediyo, ta kai turmi gidan maƙwabta, ko albasa ba ta soya ba ranar don kar wari ya kai mishi. Na leƙa ɗakin. Ga ƙaton nan a kwance cikin duhu, tsumma jiƙaƙƙe a fuska, bokiti a gefe. Maiɗakina ta shiga ɗakin baƙi ita ma ta kwanta. Kafin magariba ta fito tana neman abinci. A gidana in ya kama ta haka, sai ta kwana biyu.

Da safe taubashina ya fito yana miƙa kamar ba shi ba.

"Mai garin tuwo, ka iso? Ka same ni a ƙasa. Kar ka je ka yi da ni a Maradi."

"Soja guda, ciwon kai ya kayar da kai? Ashe da na sani da tuni na rama."

"Tun ina cikin kaki yake kayar da ni. Mu uku ne a barikinmu, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa don kar a ce ciwon mata. Kai da ƙaramin kanka, me zai samu ya kama?"

Muka yi dariya. Amma ban gaya mishi sharaɗin da muka yi ba. Kunya ta hana ni.

A asibiti mun yi zaman benci tun hantsi har azahar. Zaman nan ne ya fi hanya gajiyar da ni, kuma shi ne ya fi buɗe mini ido. Akwai ɗalibi daga Damagaram da ciwon ya hana shi rubuta jarrabawa. Akwai mai sayar da atamfa a Zongo wadda ta ce turare ne ke tayar mata. Akwai wani ma'aikacin gwamnati mai kwat, da baƙin tabarau a cikin inuwa. Kowa da dabararsa: wannan lemun tsami, wannan lalle a goshi, wannan ƙanƙara. Maiɗakina, wadda ba ta cika magana ba, sai ga ta tana hira da su kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ɗaya ta fara faɗin abin da take ji, ɗaya ta ƙarasa mata. Ni da na ɗauka a duniya ita kaɗai ce mai wannan fitina.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta yi ta tambayoyi, ta haska ido, ta buga gwiwa da ɗan guduma. Ta ce a ganinta ba sai an yi hoto ba. Na ce, "Likita, hoto na zo yi tun daga Maradi." Ta dube ni, ta rubuta takarda. Washegari aka sa maiɗakina cikin na'urar, muka koma da sakamako. Likita ta ɗaga shi ta duba, ta ce kai lafiya lau, babu ƙari, babu jini.

Na juya na ce, "To, kin ji ko? Babu komai."

Likita ta ajiye hoton. "Malam, ban ce babu komai ba. Na ce babu ƙari. Wannan ciwon ba ya fitowa a hoto, kuma ciwo ne na gaske. Mutanen da ka gani a benci shi ya kawo da yawansu, kuma waɗanda ba su taɓa zuwa ba sun fi su yawa. Ya fi kama mata, amma maza ma suna da shi, sun dai fi ɓoyewa. Sana'arka me?"

"Injin niƙa."

"Ina yake?"

Maiɗakina ta ce, "A bayan kaina, likita. Bango ne tsakaninmu."

Likita ta ce ba injin ne ya sa mata ciwon ba, ba kuma za ta yi mini ƙarya ta ce in an ɗauke shi zai tafi ba. Amma ƙara da warin gazuwal, wato man injin, suna tayar da shi, kuma in ya tashi suna hana shi kwanciya. Ta rubuta magani, ta ce a daina shan ƙwayar talla kullum don ita ma tana ƙara ciwon. Ta ce ta riƙa ja layi a takarda duk ranar da ya tashi, a kawo mata bayan wata uku.

Da muka fito muka gangara Gaweye, don ta ce tana son ta ga kogi tunda ta zo. Muka zauna inda ake hango gada, motoci da babura na ta ƙetarawa, har da raƙumi ɗauke da tabarmi. Muka sayi dambu da kopto, wato kwaɗon zogalensu, da soyayyen kifi. Kifin ya yi, ba ni da ta cewa. Ta ci kaɗan tana kallon masunta.

Ta ce, "Malam, ka ci sharaɗi. Hoto bai nuna ba. Ba zan ƙara yi maka zancen inji ba."

Na ce, "Gidan yayanki fa?"

Ta ce, "Wannan ban sani ba tukuna." Sannan ta ƙara da cewa, "Shekaranjiya na ga kana tafiya da sanɗa don kar ka tashe taubashinka. Ashe ka iya."

Ba ta ɗaga murya ba. Na ci gaba da cire ƙayar kifi.

Kafin mu bar gari mun leƙa Zongo na saya mata yadi mai kauri na labule. Mai shagon ya ce launin bai yi kyau ba. Na ce ba don kyau nake so ba, don duhu ne. Ya ce, "A'a, mai ciwon kai gare ka a gida?" Ban ma tambaye shi yadda aka yi ya sani ba.

Dawowa hanya ɗaya ce, ramuka ɗaya, shinkafar Konni ɗaya. Abin da na koya bai da yawa. Ciwon nan ya cika gari, a kasuwa, a bariki, a ofis, masu shi ne kawai ke shiga ɗaki su rufe ƙofa, shi ya sa ba mu ganin su. Kuma in mutum ya shekara goma sha tara yana faɗa maka abu ɗaya, ba sai ka kai shi Yamai ba kafin ka yarda.

Washegarin dawowarmu da safe mata sun jera kwanonin hatsi a ƙofar gida tun kafin in fito. Na ce musu su yi haƙuri yau babu niƙa. Na aro amalanke, na kira maƙwabta biyu, na ɗauko sifana na fara kwance ƙusoshin da suka riƙe injin a ƙasa. Biyu sun yi tsatsa, sai da na sa guduma. Kafin bugun farko na zagaya na leƙa tagarta na tambaya ko kan ya tashi yau. Ta ce a'a. Sannan na buga.